Fiton Wushirya

A bayan Ƙofar Marusa, garejin Alhaji Nalado,
inda baƙin mai ya cinye launin ƙasa,
nan muka fara.
Ni da ganguna uku, ɗaya fatar akuya, biyu gwangwanin fenti,
Ilu da jitarsa mai gurnani,
Ɗayyabu kuwa da wata ja da ya sayo a Maraɗi
hannun wani Buzu da kuɗin mota ya yanke wa.
In tsirkiya ta tsinke, a warware wayar kulocin babur.
In janareta ya shaƙe, mu ci gaba a cikin duhu.

Muryarsa ba ta da daɗi, shi ma ya sani.
Murya ce kamar jan ƙofar langa-langa,
kamar tauna tsakuwa a tsakiyar loma.
Ga wushirya: duk inda sin ta faɗo a baiti
sai iska ta kuɓuce masa da ɗan fito.
Sau uku maƙwabta na kai mu gaban mai unguwa.
Ba a yi na huɗu ba,
don ɗan mai unguwar ne ke riƙe mana tocila.

Shekara shida muna haka. Sai Legas ta yi kira.

Rannan a Keke Napep, mun baro Ƙofar Ƙaura,
yaron ya ƙure sauti ya waiwayo:
"Baba, ka san wannan? Ɗan garin nan ne fa!"
Na kasa kunne.
An wanke muryar, an tace, an bi ta da dutsen guga,
an raba ta gida bakwai, kowace na amsa wa 'yar'uwarta,
santsi kamar daɓen banki.
Gangar babu hannun kowa a kanta,
ba ta sauri, ba ta gajiya, ba ta kuskure,
ni kuwa da kuskure aka san ni.
Na tsaya jiran sin.
Ta zo, ta wuce salin-alin.
Na'ura ta toshe masa wushirya.
Na ce wa yaron ban san shi ba.
Na sauka, na manta canjina.

Sai dai kada in ci amanar gaskiya.
Bana ɗakin tsohuwarsa bai yi yoyo ba.
Da Ilu ya kwanta, ƙoda ta ƙi aiki,
ba hayaniyar gareji ce ta biya kuɗin asibiti ba.
Ɗiyata ta haddace waƙar kaf,
da ita take wanke-wanke,
ƙafata kuma, munafuka,
na kama ta tana bin kiɗan a ƙarƙashin benci.

Bayan ƙaramar salla ya zo, da dare,
ya bar mota mai baƙin gilashi can bakin titi,
ya tako ta cikin kwata da fararen takalma.
"Mudi, jar nan tana nan?"
Tana nan. Cikin buhun taki, bisa rufin shago.
Ya karkaɗe ta, ya ɗaure wayoyin,
ya ɗora yatsu, na ga sun yi laushi kamar na amarya,
kantar shekara shida ta tafi.
Bai kai baiti biyu ba waya ta yanke shi.
Ya tsotse jinin, ya dube ta, ya yi dariya,
ya ce, "Sannu, tsohuwa."
Sai ga fiton,
siriri, lafiyarsa lau, bai tsufa ba ko kaɗan.

Na ce ya tafi da ita.
Ya ce a can ba a barin ƙura ta hau sauti,
kuma jirginsa na safe ne.

Na mayar da ita buhu.
Akwai ɗigo ɗaya a kan waya ta uku,
ya bushe, ya koma launin tsatsa.
Ban goge ba.